Azumin da Muka Ƙirga Ruwa

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, jadawalin makaranta kuma ya kawo ni kan darasin mol na Kemistiri a daidai lokacin. Ina tsaye gaban allo da alli a hannu, 'yan matan aji sun langaɓe a kan tebura kamar alayyafon da ya kwana a kasuwa, fankar sama ta tsaya cak saboda an ɗauke wuta, sai na ji kamar an dafa ni a kafaɗa. Na taɓa zama a aji irin wannan, cikin zafi irin wannan, maƙogwarona a bushe, wata tana koya mini wannan darasi. Shekara talatin da 'yan kai ke nan. Watan azumi ya bi ta hunturu, ya ratsa kaka da damina, ya zagayo ya dawo inda ya bar ni.

Yanzu da la'asar yara kan fita da bokiti neman ƙanƙara, masu kura na turo jarkoki har ƙofar gida, kusan kowane layi akwai mai bohol. Ana shan wuya, ban ce ba a sha ba. Amma a shekarar da nake ba ku labari ba mu san ruwan leda ba, firji kuwa sai gidan wane da wane. Ruwan da za ka sha da magariba, kai ne ka ɗauko shi a ka tun da asuba.

Suleja ta cika ta batse a lokacin. Ana ta ginin Abuja, tifofi na wucewa ba ƙaƙƙautawa, kullum sai ka ga baƙuwar fuska da akwati a ka tana tambayar ɗakin haya. Mutane suka ƙaru, rijiyoyi ba su ƙaru ba. Tamu ta tsakar gida, wadda Baba ke cewa tun zamanin mahaifinsa ba ta taɓa ƙafewa ba, tun kafin a ga wata ta fara ba da laka. Daga baya ma sai ka zura guga ka ji ya bugi ƙasa, ƙwal.

Baba manomi ne, gonarsa tana wajen Zuma, da keke yake zuwa. Daminar da ta gabata ta ɗauke da wuri, dawa ba ta yi ido ba, don haka muka shiga azumi rumbu ya riga ya yi ƙasa. Ƙannena maza aka tura su Izom wajen kawunmu, inda aka ce da ɗan sauƙi-sauƙi. Gida ya rage daga Baba sai Inna sai ni, sai autarmu Bilki wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Sai kuma Anti Bose.

Anti Bose 'yar bautar ƙasa ce daga ƙasar Yarabawa. An turo ta makarantarmu ta koyar da Kemistiri, ta kama ɗakin da ke jikin zaurenmu. Siririya ce, mai saurin tafiya, in ta yi dariya har maƙwabta sai sun ji. Hausarta ta kasuwa ce, namiji da mace duk "kai" take ce musu, har Inna. Kirista ce, ba ta azumi, amma tun da aka ga wata ba wanda ya ga ta kai ko ruwa baki a gabanmu. Sai ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Inna ta ce mata, "Bose, ki ci abinki a sarari mana, ai ba a ɗora miki ba."

Ta ce, "A'a, Mama. Ido ma yana jin yunwa."

Da an idar da sallar asuba muke fita, ni da ita da matan unguwa, zuwa Rafin Iku. Rafin ya janye ya bar yashi, sai 'yan kududdufai masu gansakuka da shanu suka tattake. Ba a ɗiban waɗannan. Sai ka nemi inda yashi ke da danshi, ka durƙusa ka tona da sakaina har hannunka ya shige zuwa kafaɗa, ka zauna kana jira. A hankali ruwa zai fara tsattsafowa daga ƙasa, launinsa kamar kunun kanwa. Ka kwashe na farko ka watsar, ka jira na biyu. Ƙoƙo-ƙoƙo ake cika bokiti. Mata a jere a bakin ramuka, kowa da nata, amma in wata ta dace da rami mai ido sai ka ji ta ɗaga murya, "Ku matso nan, yana kawowa!" Matan Gwari kan wuce mu da tuluna a kafaɗa, mu gaisa ba tare da kowa ta tsaya ba. Kafin mu juyo rana ta fito, ranar bazara kuwa ba ta da ƙuruciya, da ƙarfinta take fitowa.

A gida Inna ta jefa alif a ciki, laka ta kwanta, sannan ta raba. Na sha ya shiga babbar randa a rufe da faifai, na girki daban, na alwala a buta, kowa ya san iyakarsa. Wanda aka wanke tsaba da shi na awaki ne. Wanka da rabin bokiti ake yi, a tsaye cikin baho, don ruwan ya sake wanke tsumman Bilki.

Da tsakar rana rufin kwano sai ya riƙa ƙas-ƙas kamar ana taka shi. Kaji su buɗe baki su saki fukafukai a gindin rumbu. Ƙurajen zafi suka feso wa Bilki a wuya da goshi. Mangwaron tsakar gida ya nuna, yana faɗowa tim, ƙamshinsa ya cika ko'ina, ba mai ikon taɓawa sai magariba. Da yamma hadari kan haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso, mata su yi ta jera robobi da tukwane ƙarƙashin indararo. Sai a yi rugugi, a yi walƙiya, ya watse. Baba ya bi shi da kallo har ya ɓace, ya ce, "Rabon wasu ne." Irin masararsa na rataye a madafa sama da murhu, hayaƙi ya mayar da shi ja. Shi kaɗai ne abincin da Inna ba ta taɓa kai wa hannu ba, duk tsananin da aka shiga.

Ana cikin haka, wata rana bayan an dawo daga hutun tara, Anti Bose ta shigo mana aji riƙe da wata siririyar kwalba mai zanen awo a jiki. Da ruwa a cikinta, ɗan kaɗan, bai wuce kurɓi ɗaya ba. Ta ajiye ta a kan tebur, daidai inda hasken taga ke sauka. Ajin da ke gyangyaɗi ya farka. Ruwa ne garai-garai, irin wanda muka daɗe ba mu gani ba. Ina jin ta kusa da ni ta haɗiyi yawu.

Ta fara da ba mu haƙuri a kan ta kawo ruwa gaban masu azumi, ta ce ta rasa abin da ya fi shi dacewa. Da Turanci take koyarwa, amma ga abin da ta ce. Ruwa ba a dunƙule yake ba. Ƙwayoyi ne ƙanana, ƙananan da ido ba ya iya gani, waɗanda in aka fasa ɗaya ta daina zama ruwa. Sun yi ƙanƙantar da ba a ƙirga su ɗai-ɗai, shi ya sa masana suka yi musu irin dabarar da 'yan kasuwa suka yi wa ƙwai. In ka ce dozin, kowa ya san goma sha biyu kake nufi. In ka ce mol, wani adadi tsayayye kake nufi, ko na ruwa ne, ko na gishiri, ko na ƙarfe. Kowane abu da nauyin mol ɗinsa, na ruwa kuwa giram goma sha takwas ne.

Ta ɗaga kwalbar. "Wannan da kuke gani, mol ɗaya ne."

Sai ta juya ga allo ta rubuta shida, sifili, biyu, ta ci gaba da jera sifili. Alli na ƙwas-ƙwas, tana tafiya tana rubutawa, har ta ƙure allon ta lanƙwaso ƙasa. Wasu suka fara dariya. Ta ce a taƙaice ana rubuta shi 6.02 × 10²³, wato bayan shidan nan akwai gurbi ashirin da uku. In kana da mol kana son sanin yawan ƙwayoyi, ka ninka da wannan lamba. In ƙwayoyi aka ba ka ana son mol, ka raba da ita. Hanya ɗaya ce, zuwa da dawowa. Rabin mol rabin lambar ne, lambar sau biyu kuma mol biyu.

Na ɗaga hannu. "Anti, duk a cikin ɗan wannan?"

"Duk a ciki."

Ta ce da mutanen duniya kaf, tsofaffi da jarirai, za su zauna su yi ta ƙirgawa, kowa ƙwaya ɗaya a duk bugun zuciyarsa, ba ci ba barci, sai sun yi shekaru miliyoyi ba su gama da abin da ke cikin kwalbar ba. Ta ce da kowace ƙwaya za ta rikiɗa ta zama ƙwayar dawa, da ta binne ƙasar nan tun daga bakin teku har hamada, Dutsen Zuma ya ɓace a ƙarƙashi kamar tsakuwa a cikin buhu.

Ba wadda ta sake dariya. Ni dai, cikin wannan zafin, tsigar jikina ta tashi. Na tuna rumbunmu da Baba ke zura rabin jikinsa kafin hannunsa ya taɓo dami, na sake duban ɗan ruwan da ke ƙyalli a kan tebur, na rasa yadda zan haɗa su a kaina. Da aka buga ƙararrawa Anti Bose ta fita da kwalbar ta juye ta a gindin wata 'yar dalbejiya da ke bakin taga. Kafin ta miƙe ƙasa ta shanye.

Da magariba muka zauna a tabarma, ga kunun tsamiya, ga mangwaro, ga moɗa cike da ruwan randa. Aka kira salla, Baba ya yi bismilla ya kai moɗa baki. Na bari ya haɗiyi na farko tukuna.

"Baba, ka san abin da ka sha yanzu?"

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwani yake kirana. "Ruwa mana, Uwani. Ko an sa wani abu ne?"

Na kwashe darasin na faɗa masa. Da lambar ta gagare ni da Hausa sai na kakkarya ta: dubu ɗari shida, sau miliyan, sau miliyan, sau miliyan. Ya sauke moɗar a hankali.

"Wa ya ƙirga?"

"Ba ƙirgawa aka yi ba, Baba. Aunawa aka yi, aka lissafa."

Ya juya wajen zaure ya ɗaga murya. "Malama Bose! Abin da yarinyar nan ke faɗa, haka yake?"

Ta leƙo. "Haka ne, Baba. Kai ya sha mol ɗaya yanzu-yanzu."

Ya leƙa cikin moɗar, kamar zai hango su suna iyo. Inna ta ɗaga murya daga bakin murhu. "Ko miliyan nawa ne dai, a sha da lissafi. Randa ta yi rabi."

Daga ranar na zama kamar mai sabon ido. Komai na gani sai na juya shi: moɗa, buta, tukunyar miya. In na ɗauko bokiti daga Iku, ina tafe ina kintata nauyinsa, in raba da sha takwas in sami mol, in ninka in sami ƙwayoyi, in sake rabawa in dawo inda na fara. Bai rage wa wuyana nauyi ba, amma ya rage mini tsawon hanya.

Muna cikin goman ƙarshe Bilki ta kwanta. Amai da gudawa ne suka shigo unguwa, an riga an rasa yara a layinmu, kusan kullum sai ka ji kuka ya ɓarke a wani gida. Da safe Inna ta goya ta, Baba ya bi su zuwa ɗan asibitin da ke kusa da mu. Suka tarar da shi maƙil, yara har a baranda, ledar ƙarin ruwa ta ƙare, ma'aikata sun rasa inda za su sa kansu. Wata nas ta duba ta, ta ce su koma gida su yi ta ba ta ruwan gishiri da sukari ba tsayawa, in ta daina karɓa su dawo da gudu.

Ban je makaranta ba ran nan. Da Inna ta kwance goyon, na matso na duba ta. Yarinyar da jiya take bin kaji da kara, idanunta sun faɗa, leɓenta ya tsattsage. In ka ja fatar cikinta sai ta tsaya a tattare, ba ta komawa. Tana buɗe baki tana kuka, amma ba hawaye, muryar ma da ƙyar take fita. Tun jiya ba ta yi fitsari ba.

Anti Bose ta dawo kafin azahar, ko takalmi ba ta cire ba ta kunna rishonta ta tafasa ruwa. Muka tsoma tukunyar a baho ta huce. Ta auna cikin kwalbar lemo biyu, ta sa gishiri cokali ɗaya a shafe, ta juye sukarin shayinta gwargwadon yadda ake faɗa a rediyo. Ita kaɗai ce a gidan za ta iya ɗanɗanawa ta haɗiye, ta kuwa ɗanɗana. Ta ce kada gishirinsa ya fi na hawaye.

Inna ta tsiyaya a kofi ta kai bakin Bilki. Yarinya ta kama kofin da hannu biyu ta shanye da haɗama. Ba a jima ba ya dawo gaba ɗaya, ya jiƙa zanin Inna. Aka sake ba ta, ya sake dawowa. Inna ta ajiye kofin, ta zauna dirshan a ƙasa.

"Cikinta ya ƙi ruwa. Ku bar ta ta huta, kada mu wahalar da ita a banza."

Na san abin da wannan maganar ke nufi. Haka maƙwabciyarmu ta ce kafin a ɗauki gawar nata.

Anti Bose ta ruga ɗaki ta fito da ƙaramin cokalin shayi. "Ba kofi ba, Mama. Cokali. Kaɗan-kaɗan. Abeg, Mama, kai gwada."

Inna ta dubi cokalin, ta dubi 'yarta. "Haba Bose. Yarinyar da ruwan jikinta ya tsiyaye kaf, me ɗan wannan abin zai yi mata? Ko leɓenta ba zai jiƙa ba."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Inna, ba kaɗan ba ne."

Duk suka juyo. Lissafin ya riga ya gama kansa a kaina, don na saba. Cokalin giram biyar yake ɗauka. In an raba da sha takwas, ya haura rubu'in mol. In an ninka, ya haura dubu ɗari da sittin, sau miliyan, sau miliyan, sau miliyan. Na faɗa mata haka. Na ce, "Kowane cokali ɗaya in ya zauna, wannan ne ya shiga jikinta. Wallahi Inna ba kaɗan ba ne."

Ta zuba mini ido kamar yau ta fara ganina. Ba zan ce ta fahimci lissafin ba, ni kaina ba zan ce na fahimci girmansa ba. Baba, da ke tsugune a bakin ƙofa tun ɗazu, shi ya yi magana.

"Ba ta, Uwani. Mu namu bayarwa. Allah Ya ba su wurin zama."

Ni 'yar fari ce, Inna ba ta kama sunana. Ta gyara wa Bilki kwanciya a cinyarta, ta tallafi kanta, ta ce, "Ke, matso."

Haka muka wuni a ƙarƙashin rumfa. Inna na riƙe da ita, Anti Bose na yi mata fifita da faifai, ni ina ɗiba. In na zuba cokali ɗaya a gefen bakinta, sai mu jira Inna ta karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a hankali, sannan in sake ɗiba. Wannan ne agogonmu. Rana ta tsaya a tsakiyar kai ta ƙi gusawa. Gumi na bin bayana, harshena ya zama kamar guntun fata a bakina. Ban taɓa sanin ruwa na da ƙamshi ba sai ranar. Yana nan a kwano a gabana, ina jin ƙamshinsa, ina ɗaga shi da hannuna ina kai shi wani bakin. Wani ɗigo ya faɗo mini a bayan hannu, na zuba masa ido har ya bushe.

Abin da ya riƙe ni shi ne, duk cokalin da na ɗaga, ba ɗan ruwa nake gani ba. Runduna nake gani wadda ta fi ƙarfin ƙirge, tana gangarawa cikin wannan ɗan jikin, kowace ƙwaya tana neman hanyarta, wannan zuwa jini, wannan zuwa fata, wannan zuwa ido, ba mai yi musu jagora a cikinmu. Mu dai iyakarmu bakin cokali.

Can Bilki ta yi wani ɗan amai. Inna ta runtse ido. Anti Bose ta ce, "Ba komai, Mama. Wanda ya zauna ya fi wanda ya fita." Muka ɗan dakata, muka ci gaba. Baba ya tafi masallaci ya dawo ya tsuguna inda yake, ya sake tafiya la'asar ya dawo. Inuwar mangwaro ta tsallaka tsakar gida ta hau katanga. Rabin kwanon ya tafi, na lissafa a zuci, ya tasam ma mol ashirin, amma ban faɗa wa kowa ba. Hannuna ya sage, Anti Bose ta ce in kawo ta karɓe ni, na ƙi.

Rana ta yi ja ke nan sai na ga Inna ta zabura. Ta shafa cinyarta, ta ɗaga hannun ta duba, ta shinshina.

"Malam! Malam, ta yi fitsari!"

Ban taɓa ganin an yi murna da fitsarin yaro irin ta ran nan ba. Inna na dariya tana kuka, Baba ya miƙe ya rasa abin yi, sai ya sake tsugunawa yana ta hamdala. Hayaniyar ta firgita Bilki, ta tsandara kuka, wannan karon da murya. Na sunkuya na duba fuskarta. A gefen idonta na hagu wani abu na ƙyalli. Ya taru, ya yi nauyi, ya gangaro ta kan kuncinta ya shige kunne.

An kira magariba ba wanda ya ji a cikinmu. Anti Bose ce ta je randa ta ciko moɗa ta kawo. "An yi kira. Oya, ku sha ruwa." Baba ya sha ya miƙa wa Inna, Inna ta miƙo mini. Kurɓin nan na farko, na ji saukarsa tun daga maƙogwaro har ƙirji har ciki, sanyinsa na bazuwa kamar ana buɗe ƙofofi a jikina. Da na sauke moɗar sai na ga leɓen Anti Bose shi ma a bushe yake fari fat. Ashe tun da ta fita da safe, in ban da ɗanɗanon nan, ba ta sa komai a bakinta ba. Inna ta karɓi moɗar ta ciko da kanta, ta ba ta, ta ce, "Sha, 'yata. Yau da ke aka yi azumin nan."

Ba a ranar Bilki ta warke ba, mun ci gaba da cokali har kwanon ya ƙare aka haɗa wani, aka sake haɗa wani. Amma ranar salla da ƙafarta ta fito, a rame, rigar sallar na yi mata yawa. Yau tana aure a Lambata da 'ya'yanta, ba ta tuna komai, in na ba ta labarin sai ta ce ina ƙarawa da gishiri. Anti Bose kuwa da ta gama bautar ƙasa ta koma garinsu. A lokacin ba waya, ban sake jin ɗuriyarta ba. Allin da ke hannuna dai daga hannunta na karɓe shi.

Aka yi salla a bushe. Sai bayanta da 'yan kwanaki, wata rana da hantsi, Baba ya daɗe yana kallon gabas, ya shiga madafa ya sauko da irin masara. Tun da yaran maza ba sa nan, ni ya ɗora a bayan keke. Inna ta ce, "Malam, kada ku je ku zuba iri a wuta." Ya ce, "In bai zo ba mu dawo da abinmu."

Muka iske gona ta tsattsage, ƙasa na ƙuna ta cikin takalmi. Ba motsin ganye ko ɗaya. Muka zauna a gindin ɗorawa muna jira, har na fara cewa a raina wannan ma rabon wasu ne. Sai wata iska mai sanyi ta bugo, ɗauke da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wani wuri. Sama ta yi duhu. Ɗigon farko ya faɗo a gabana, babba, ya tayar da 'yar ƙura. Wani ya biyo, wani ya biyo.

Baba ya fita fili ya shimfiɗa tafin hannunsa. Ɗaya ya sauka a tsakiya. Ya juyo da shi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Uwani, wannan fa? Nawa ne a ciki?"

Na tsinci kara na durƙusa ina zane a ƙasa. Ɗigo ashirin ne ke yin giram ɗaya, kusan. Na raba da sha takwas, na ninka, ruwa na goge lambobin ina sake rubutawa.

"Dubu ɗaya da ɗari shida da wani abu, Baba. Sau miliyan, sau miliyan, sau miliyan."

"A ɗaya tak?"

"A ɗaya tak."

Ya dubi tafin hannunsa. Ya ɗaga kai ya dubi gonar tun daga wannan iyaka har waccan, da gonakin da ke bayanta, da dajin da ke bayan su, ruwa na sauka a kansu duka kamar an kwance bakin sama. Can nesa har ya fara gangarowa ta fuskar dutse, farare-farare. Ya cire hularsa. Leɓensa na motsi amma ƙarar ruwa ta hana ni ji. Ya daɗe a haka, rigarsa ta manne a jikinsa, ban sani ba ko ruwan sama ne kawai ke bin gemunsa.

Da ya juyo sai ya ce, "Tun ina yaro nake ɗaga hannu ina roƙon ruwa. Ashe ban taɓa sanin yawan abin da nake roƙo ba."

Ya mayar da hularsa a jiƙe, ya ɗauki sungumi.

"Ɗauko irin. Ina sara, kina zubawa."